Ca, te, shayi: sunan ganye ya nuna hanyar da ya biyo

Kusan duk duniya da ɗayan sunaye biyu ake kiran ganyen shayi, kuma dukansu daga ƙasar Sin suka fito. A rubuce kalma ɗaya ce a can, furuci ne ya raba: yawancin Sinawa na cewa “ca”, mutanen gaɓar tekun Fujiyan kuma su ce “te”.

“Ca” ta bi ayari ta tudu. A bakin Farisawa ta koma “cai”, haka ta shiga Indiya, Turkiyya da Rasha. Larabawa suka sassauta ta zuwa “shai”. A wurinsu Bahaushe ya karɓa, ya ɗora mata wasali a ƙarshe yadda ya saba, ta zama shayi.

“Te” kuwa jirgin ruwa ta hau. Fataken Holan da suka fara kai ganyen Turai wajen 1610 sun fi hulɗa da mutanen Fujiyan, shi ya sa Bafaranshe da Bajamushe ke cewa “te”, Baturen Ingila “ti”. Mutanen Fotugal ne suka fita zakka. Su ma ta teku suka je, amma a Makawo suka zauna tun 1557, inda ake cewa “ca”. Har gobe “sha” suke furta kalmar. Kunnen Bahaushe zai ji daɗin wannan, sai dai dacewa ce kawai, babu dangantaka.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyoyin nan biyu sun haɗu a teburin mai shayi. Wannan ya ce a haɗa masa shayi mai kauri, na kusa da shi a benci ya ce a zuba masa ti, ruwan bunu, kuma daga tukunya ɗaya za a ɗebo musu.

Kalmar ba a kan abin sha kawai ta tsaya ba. A Kenya, in ma’aikaci ya nemi “cai”, sau da yawa cin hanci yake nufi. Barashe in ya yi wa mai hidima ihsani sai ya ce “na cai”, wato kuɗin shayi, inda mu za mu ce na goro. A Turkanci “cai” na nufin ƙorama ma. A Hausa kuma akwai wata “shayi” mai ma’anar kaciya, karin sauti ne ya raba su.

Mutanen ƙasar Bama ba su bi kowa ba, “lafet” suke cewa. Su har cin ganyen suke yi: a tsima shi, a kwaɗanta da gyaɗa, riɗi da soyayyar tafarnuwa.