Idan Teku Ta Turo Maka Kunkuru Bakin Gaɓa

'Yan'uwanmu masu gadin gidaje da masu neman abinci a bakin tekun Legas, tun daga Badagry har Lekki da Ajah, da yawansu sun taɓa cin karo da shi da asuba: ƙaton kunkuru kwance cikin rairayi, yana numfashi da ƙyar. Kafin rana ta fito jama'a sun kewaye shi, wani ma har ya fara tayawa.

Wannan shi ne kunkurun teku, ɗan'uwan kififiyar da muka sani a kogunan Arewa. Iri bakwai ne a duniya, biyar daga ciki ana samunsu a ruwan Nijeriya. Babbansu, mai baya kamar fata, yakan kai kilo 500. Ƙafafunsa kuwa tamkar filafilin kwalekwale suke.

To, me ke fito da shi tudu? Mace takan fito da dare ta haƙa rami ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne, ta koma ruwa. Wannan lafiyarta lau, a ƙyale ta. Amma wanda aka tarar da rana ya kasa motsi, akwai abin da ya same shi. Kunkuru da huhu yake numfashi kamar mu, saboda haka idan komar masunta ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa sai ya galabaita ko ya mutu. Wani ƙugiya ya haɗiye. Wani kuma leda ce ya ɗauka abinci, ta toshe masa hanji, iska ta taru a cikinsa har ya kasa nutsewa.

Wanda ya tsince shi, kada ya tura shi cikin ruwa, domin marar ƙarfi nutsewa zai yi. Kada a kife shi rigingine, kada a ɗaga shi ta ƙafa ko wutsiya. In an ga zare ya fito daga bakinsa kada a ja. A yi masa inuwa, a rufa masa jiƙaƙƙen tsumma a baya, amma a bar hancinsa a buɗe. A kori karnuka da yara, a kuma yi nesa da bakinsa, don yana cizo. Sai a nemi waɗanda suka san aikin. A Legas akwai ƙungiyar Greenfingers ta Chinedu Mogbo, wadda ta yi suna wajen jinyar irin waɗannan dabbobi, akwai kuma Nigerian Conservation Foundation a Lekki.

A wurin jinya likitan dabbobi yakan ɗauki hoton cikinsa, ya cire ƙugiya, ya wanke rauni, ya yi masa ƙarin ruwa da allura. Akan ajiye shi cikin ruwan gishiri marar zurfi, ana ƙarawa sannu a hankali. Sai ya ci abinci da kansa, ya kuma iya nutsewa, sannan a mai da shi teku. Wani makonni yake yi, wani watanni.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan kunkuru ɗaya? Ƙwan yakan yi kamar wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe, kuma masana sun ƙiyasta cewa cikin 'ya'ya 1,000 ɗaya kacal ke girma. Ita ma sai ta shekara 10 zuwa 30 kafin ta fara ƙwai. Ashe ke nan wanda ya yanka uwa guda ya ɓarar da abin da teku ta yi shekaru tana reno.

Ban da haka akwai hukuma. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar CITES tun 1974, wadda ta hana fataucin kunkurun teku tsakanin ƙasashe, ta kuma kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa a 1985, aka tsananta tararta a 2016. Baƙo da ya zo neman halaliyarsa, me zai kai shi sayen rigima saboda tukunya ɗaya ta nama?

Jama'a, in mun gan shi mu yi masa inuwa, mu kira masu jinya. Ledar da ke hannunmu kuma mu daina jefa ta cikin kwata, domin kwatar Legas teku take zuba.