14 ga Maris ko 22 ga Yuli: Wace Rana ta Fi Cancantar Bikin Fai?

Ɗauki faifai, ko murfin tukunya, ko tayar keke. Zagaya bakinsa da zare, sannan ka gwada zaren a kan faɗinsa ta tsakiya. Za ka samu faɗi uku da ɗan guntu. Ko da'irar ta kai bakin rijiya, ko ta ƙanƙance ta zama zobe, amsar ba ta sauyawa. Wannan adadi shi ne masana lissafi ke kira fai, suna rubuta shi da harafin Girka π, kuma a kan ɗan guntun nan aka shafe dubban shekaru ana kai ruwa rana.

Fai ba ya ƙarewa. Yana farawa da 3.14159265, ya miƙe ba iyaka, ba kuma wani jerin lambobi da yake ta maimaitawa. Tun 1761 Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a samu fai cif. Dole kowa ya nemi wakilin da zai yi aiki da shi, kuma wakilai biyu ne suka yi suna: 3.14 da 22/7. Abin dariya, kowannensu da ranar bikinsa.

Ta 3.14 ita ce 'yar gata. Amurkawa suna rubuta wata kafin rana, don haka 14 ga Maris a wurinsu 3/14 ce. A 1988 wani masanin kimiyya, Larry Shaw, ya fara shirya bikin a gidan baje kolin kimiyya na Exploratorium da ke San Faransisko: a yi jerin gwano ana zagaye, sannan a zauna a ci kek mai siffar da'ira. Masu ƙwaƙƙwafi har jira suke ƙarfe 1:59 ta buga, don lambar ta cika 3.14159. Wasa-wasa, a 2009 Majalisar Wakilan Amurka ta amince da ranar, a Nuwamban 2019 kuma hukumar UNESCO ta ayyana ta Ranar Lissafi ta Duniya. Ga ƙarin sa'a, ran 14 ga Maris 1879 aka haifi Albert Einstein.

22 ga Yuli kuwa marainiya ce. Ba majalisar da ta zauna dominta, kuma ta faɗo lokacin da makarantun Turai da Amurka ke hutu, ba malami ba ɗalibi. Amma mu da muke rubuta rana kafin wata, ita ce tamu. A rubutunmu 14 ga Maris 14/3 ce, ba ruwanta da da'ira. Da Afrilu yana kai kwana 31, da mun lallaɓa mun yi 31/4, to a 30 yake tsayawa.

Bari mu ajiye gata mu ɗauko ma'auni. A ce za ka kewaye fili mai siffar da'ira da waya, faɗinsa mita 7. Mai bin 22/7 zai sayo mita 22. Mai bin 3.14 zai sayo mita 21.98. Ainihin abin da ake buƙata mita 21.991 ne. Na farko ya yi rarar kusan milimita 9, na biyu ya yi giɓin milimita 11. Wato marainiyar ta fi 'yar gatan kusa da gaskiya, ko da da ƙyar ne. Kuma duk wanda ya taɓa ɗaure waya ya san rara ta fi giɓi: mai rara ya datse, mai giɓi sai ya koma kasuwa.

Ta wajen asali ma 22/7 ba kanwar lasa ba ce. Arkimidis na Sirakus, sama da shekaru 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya matse fai tsakanin 223/71 da 22/7. Da hannu ya yi wannan aiki, ba na'ura, ba ma tsarin lambobin da muke amfani da shi yau. Ga kuma sauƙi a aji. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san dalilin da da'irorin jarrabawa suke zuwa da rabin faɗi 7, ko 14, ko 21, ko 3.5: don bakwai ta cinye bakwai, ɗalibi ya huta da dogon rabawa. Kai ka ce a duniya babu da'ira mai faɗin 10.

Sai dai wannan sauƙin shi ne aibinta. Saboda ta zo tsaf, ɗalibai da yawa suna barin makaranta suna rantsuwa cewa fai 22/7 ne, ba kusa da shi ba. Alhali in ka raba 22 da 7 za ka samu 3.142857, sannan 142857 ta yi ta dawowa. Tun a lamba ta uku bayan ɗigo ta rabu da fai: fai ya ce 1, ita ta ce 2. Ita 3.14 ba ta da wannan ruɗu. Duk lambobinta uku na fai ne na ainihi, gajiya kawai ta yi ta tsaya, kuma mai kallonta ya san da saura. Masu nishaɗin haddar lambobin fai daga kanta suke ɗorawa. Ba wanda zai iya ɗorawa daga 22/7.

Duk da haka ni ina tare da 22 ga Yuli. Biki ne na mai aiki da hannu, wanda ya san ba zai taɓa kama fai ba, ya ce wannan ma ya isa a yanka ƙarfe, a haƙa rijiya, a ɗinka hula. Ko injiniyoyin hukumar NASA, masu tura kumbo wasu duniyoyi, a lamba 15 bayan ɗigo suke tsayawa, ƙasa da 16 ɗin da Jamshid al-Kashi ya fitar a Samarƙand tun 1424.

In kuwa kusanci zalla za a bi, dukkansu biyu sai su ba wani wuri. A ƙarni na 5 Zu Chongzhi na ƙasar Sin ya kawo 355/113, wadda ta dace da fai har lamba shida bayan ɗigo. Auna kewayen duniya da 3.14, ka yi kuskuren kilomita 20. Da 22/7, kilomita 16. Da 355/113, ko mita 4 ba zai kai ba. Shi dai bai samu ranar biki ba, don har yanzu ba a yi kalandar da ke da wata na 113 ba.