Dalilan da ke Sa Tsohuwar Mota Gardamar Tashi da Rawar Silo

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, ba abin mamaki ba ne a ga samari da sassafe sun dafa bayan wata tsohuwar mota suna turawa a titin Mandawari ko bakin Kasuwar Kurmi. Idan an yi sa'a ta tashi, sai kuma a ji injin yana karkarwa, da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Mai motar da ya nufi gareji bai san abin da ke damunta ba, sau da yawa sai an aike shi Kasuwar Ƙofar Ruwa sawu uku ko huɗu, yau batir, gobe kwayil, jibi kafireta, ciwon kuwa yana nan. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, injin da ke shan mai fiye da kima ya zama nauyi a kan abincin gida. Alhali kuwa ana iya gano yawancin waɗannan matsaloli da ilmin da ɗalibin sakandare ke koya a darasin fiziks da kemistiri.

Misalin da ya fi dacewa shi ne Peugeot 504, wadda Kanawa ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Injinta mai silinda huɗu ne, yana aiki bisa tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Saboda haka abu huɗu injin yake nema kafin ya tashi: a juya shi da isasshen sauri, ya sami mai da iska daidai gwargwado, ya sami wuta a kan lokaci, kuma silinda ta riƙe matsi. Duk gardamar mota daga ɗayan waɗannan take, kuma aikin mai bincike shi ne ya ware wanne ne kafin ya kwance ko da noti ɗaya.

Kunne ne kayan aiki na farko. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin ya juya da nauyi kamar wanda ya gaji, laifin yana tsakanin batir da kik. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita. Idan ya sauka zuwa 12.2 to rabin cajinsa ya tafi, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba a lokacin da kik ke juyawa. Wanda ba shi da mita yana iya kunna fitilun gaba ya murɗa makulli: in sun dusashe ƙwarai, wuta ba ta isa. Amma kafin a yanke wa batir hukunci sai a dubi kawunansa. Kik yana jan wuta mai yawa, kamar amfiya 150. Bisa dokar Ohm, idan farin garin nan da ke taruwa a kan batir ya kawo turjiya ta om 0.02 kacal, za a yi asarar bolt 3 a wurin, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin batirin. Ruwan zafi da ɗan goge-goge da sifana lamba goma sun sha ceton batirin da aka yi niyyar jefarwa.

Akwai abin lura game da yanayin Kano. Mutane na ɗora wa sanyi laifin kashe batir, amma zafi ne ke yin ɓarnar. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ruwan batir yana ƙafewa, farantan dalma da ke ciki suna lalacewa. Sanyin Janairu, da kan sauka wajen digiri 12 da asuba, tona asiri kawai yake yi, domin yana rage saurin aikin sinadaran batir, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi wuyar juyawa. Zirga-zirgar cikin birni ma tana ƙara nata. Motar da ba ta wuce daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Na'isa, tana tafiya tana tsayawa cikin cunkoso, ba ta ba altaneta damar mayar wa batir abin da kik ya ɗiba.

Idan kuwa injin yana juyawa garau amma bai kama ba, sai a koma kan wuta da mai. A cire wayar fulogi ɗaya, a riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi mai shuɗi da ƙara alamar lafiya ne. Ja-ja mai rauni ko rashinsa gaba ɗaya yana nuni ga kwantak, kwandansa ko kwayil. Kwayil dai tiransifoma ce ƙarama, tana aiki da ka'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Duk sanda kwantak ya buɗe ya yanke wutar batir, maganaɗisun da ke cikinta ya rushe farat ɗaya, sai bolt 12 ya koma dubu goma sha biyar ko fiye. Tazarar bakin kwantak a irin wannan inji kimanin milimita 0.4 ce. Da tafiya ta yi tafiya dundunniyarsa takan cinye, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Wannan ɗan ƙarfe, wanda yake cikin mafi araha a kayan mota, yana cikin abubuwan da kan hana tsofaffin motoci tashi. Da damina kuma laima kan shiga murfin distirbuta, wuta ta bi ta jikin ruwan ta zurare.

Maganar mai ita ce mafi faɗi. Fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska, kuma awon da ya fi dacewa shi ne giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Da asubar hunturu bututun da ke kai cakudar cikin silinda yana da sanyi, sai wani kaso na man ya kwanta a jikinsa kamar raɓa, abin da ya isa silinda ya yi ƙaranci. Amfanin cok ke nan: yana toshe hanyar iska na ɗan lokaci don mai ya rinjaya. Cok da ya maƙale a buɗe yana hana tashi da safe, wanda ya maƙale a rufe kuma yana sa baƙin hayaƙi da shan mai. Da bazara akasin haka ake gani. Mota ta tashi lafiya da safe, amma in an tsaya sallar Azahar aka dawo sai ta ƙi, saboda zafin injin ya tafasa man da ke cikin kafireta ya malala cikin bututu. Maganinta a taka totur har ƙasa a riƙe, ba tare da famfawa ba, a murɗa makulli na daƙiƙa goma, a huta, a sake.

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta ya fi na garin alkama. Tana toshe filtar iska, injin ya shaƙe. Cire filtar da wasu ke yi ya fi toshewar muni, don ƙurar tana shiga silinda ta riƙa cin ringi kamar sanfefa. Ingancin man shi kansa abin tambaya ne. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar da shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci da dama suka lalace. Man galan na bakin titi kuma ba a rasa ruwa ko kananzir ko datti a cikinsa, ramin jet na kafireta kuwa bai kai kaurin allura ba.

Silo shi ne juyawar injin sa'ad da mota ke tsaye ba a taka totur ba, kimanin juyi 800 zuwa 900 a minti. A juyi 800, kowace silinda tana ba da wuta sau 400 a minti. Idan ɗaya ta daina, wato injin yana misin, ana rasa bugu kusan bakwai a kowace daƙiƙa, shi ne karkarwar da ake ji har a sitiyari. Gano mai laifin ba wuya: a riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Wadda aka zare injin ya ƙara rikicewa, silindarta na aiki. Wadda aka zare bai canja ba, nan ciwon yake. Bakin fulogin zai ƙarasa bayani. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi mai maiƙo baƙin mai na haurowa, fari fat kuma mai ya yi kaɗan.

Idan duk fulogan lafiya suke amma silo na hawa yana sauka, a nemi inda iska ke satar hanya. A lokacin silo ƙofar totur kusan a rufe take, iskar da injin ke samu kaɗan ce, don haka 'yar tsaga a tiyon roba ko gaskit ɗin gindin kafireta ta isa ta ɓata awon nan na 14.7. A guje ba a jin ta, domin ta ɓace cikin yawan iskar da ke shiga. Zafin Kano kuwa yana busar da roba da wuri. Akan ji tsagar tana tsaki, kuma in aka toshe ta da yatsa injin ya daidaita nan take. A nan ne gaggawa ke sa wasu kanikawa su ɗaura sukundireba su ƙara silo har karkarwar ta ɓoye. Mai mota ya tafi yana murna, tsagar tana nan, mai kuma yana ƙonewa a banza a kowace danja. Haka nan al'adar cire tamostat da sunan wai na ƙasashen sanyi ne: injin da ba shi da ita yana daɗewa bai yi ɗumin da aka ƙera shi a kai ba, silo ya ƙi zama, ringi ya ci da wuri.

Gwajin matsi shi ne na ƙarshe, domin shi ke faɗin ko gyaran na aljihu ne ko na sauke inji. Ana ɗaura ma'auni a ramin fulogi a juya injin. Bai kamata silinda ta bambanta da 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Idan ɗaya ta gaza, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa: in matsin ya hau, ringi ne ya cinye, don man ya toshe giɓin na ɗan lokaci, in bai motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kan inji. Duk waɗannan gwaje-gwaje a fili ake yin su. Injin da silonsa ya lalace yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu. Barin mota tana ɗumi a rufaffen gareji ko a bakin tagar ɗaki a lungu mai matsi yana iya kisa.

Motocin Kwatano da suka maye gurbin Fijo ba su da kafireta ko kwantak. Kwamfuta ce ke auna iska ta fesa mai ta nozul. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Sai dai lambar tana faɗin abin da kwamfutar ta gani ne kawai. Idan ta ce mai ya yi kaɗan a cakuda, ba ta san ko famfon mai ne ya raunana, ko nozul ya toshe, ko tiyo ne ya tsage a bayan inji ba. Wannan sai bakanike ya sunkuya ya saurara.