Kumbon Bulo da Kumbon Kara: Wasa Farin Girki

A kantunan Turai da Amurka akwai wani kwali da yara da manya ke rububinsa. A ciki ƙananan bululluka ne na roba, waɗanda ake harhaɗawa har su zama kumbon zuwa sararin samaniya. Kamfanin LEGO ne ke yin su, kuma masu tara su sukan adana wanda aka daina bugawa kamar kadara.

Asalin kamfanin shagon kafinta ne. A 1932 Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmark. A 1958 aka yi wa bulon da ake amfani da shi yau rajista. A 2017 kamfanin ya fitar da samfurin Saturn V, rokar da ta kai mutum duniyar wata. Bululluka 1,969 ne a kwalin, don tunawa da shekarar 1969 da kumbon Apollo 11 ya sauka a can. Masu sha'awar wasan ne suka fara zana samfurin, sai da mutum 10,000 suka goyi bayansa sannan kamfanin ya karɓa.

Mu a nan Gidan Goga, da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talata Mafara, ba mu da irin wannan kwali a kasuwanninmu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma aikin ba baƙonmu ba ne. Da kaka ta yi, an girbe dawa da gero, wa bai taɓa fere kara ya soka ɓawonsa a totuwa ya haɗa mota ko jirgi ba? Wancan yaron yana bin littafin da aka sako masa a kwali. Namu kuwa shi ne mai zane, shi ne mai awo, shi ne maƙeri.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da mun shiga sakandare sai mu fara jin kunyar wannan aiki, mu ce wasan yara ne. A nan ne muke asara, domin lissafi da kimiyya sun fi zama a kan wanda hannunsa ya saba da awo da haɗi. Jelani Aliyu, ɗan asalin Jihar Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, kuma shi ya zana fasalin motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Mu ma ga kwalejin fasaha ta Abdu Gusau nan a Talata Mafara.

To, mu gwada namu kumbon. Tsawon Saturn V kusan mita 110 ne, samfurin LEGO kuwa kusan mita ɗaya. Mu bi wannan ma'auni, mu raba kowane tsawo da 110. Hawa uku rokar take da shi, kowanne in mansa ya ƙare sai ya ɓalle don nauyi ya ragu. Hawa na farko mita 42 ne, zai zama santimita 38 ke nan. Na biyu kusan mita 25, santimita 23. Na uku kusan mita 18, santimita 16. Ragowar ita ce ƙoƙuwar da kumbon 'yan sama jannati uku yake.

Mu ɗaure karare masu kauri a ƙasa, sirara a sama, mu haɗa hawan ta yadda za a iya zare kowanne. Idan ta ƙi tsayawa, mu binciki dalili kafin mu sake. Sai mu kai wa malamin kimiyya, mu yi wa 'yan ajinmu bayanin abin da ya sa roka ke yar da gindinta kafin ta kai sama.