Daga Dajin Serengeti Zuwa Gaɓar Zanzibar: Shirin Da Ake Yi Tun Daga Gida

Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya san daɗin faɗawa ruwan Wikki bayan an wuni ana zaga daji a mota, ƙura ta yi wa mutum buɗu-buɗu. Irin wannan tsari ne masu yawon buɗe ido suke bi a gabashin Afirka, sai dai nasu ya fi faɗi. Sukan kwashe kwanaki suna kallon namun daji a Tanzaniya, daga nan su tsallaka tsibirin Zanzibar su sauke gajiya a bakin teku. Mutanenmu da Allah ya hore wa hali, musamman sababbin ma'aurata da masu iyali, su ma sun fara sa wannan tafiya a lissafinsu. Matsalar ita ce da yawa hoton otal kawai suke gani a waya, sai su tura kuɗi. Alhali daɗin hutun ko rashinsa ya rataya ne a kan watan da aka tafi, da ɓangaren tsibirin da aka sauka, da takardun da aka riƙe. Dukkansu kuwa tun mutum bai bar gida ba ake warware su.

Daji a farko, teku a ƙarshe

Kallon namun daji ba hutu ba ne, aiki ne. Da an idar da sallar asuba ake shiga mota, domin zaki da damisa da kura da sanyin safiya suke kai-komo, da rana ta take kuwa sai kowa ya nemi inuwa. Ga hanya da gargada, ga nisa. Gandun dajin Serengeti kaɗai, wanda aka keɓe tun 1951, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 14,750. A kan hanyar zuwa can daga birnin Arusha ake ratsa Ngorongoro, wani tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta ya bar ƙaton kwari mai zurfin kusan mita 600. A cikinsa ake samun karkanda da ɓauna da giwa da jakin dawa duk a fili guda. Masaukan wurin suna can bisa bakin kwarin, sama da mita 2,200 daga doron teku, inda sanyin dare yake shiga har ƙashi. Kwana huɗu ko biyar a irin wannan hali, jiki ya yi laushi. Shi ya sa ake ajiye teku a ƙarshe. Wanda ya juya tsarin, da gajiya zai koma gida.

Wannan jeri yana kuma rage wahalar hanya. Matafiyi daga yammacin Afirka yawanci ta Addis Ababa ko Nairobi yake bi. Abin da ya fi shi ne ya yanki tikitin da zai sauke shi a filin jirgin saman Kilimanjaro, kusa da Arusha, amma ya ɗauke shi daga filin Abeid Amani Karume na Zanzibar ranar komawa. Daga Arusha zuwa tsibirin tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin sama. Wanda aljihunsa bai kai Serengeti ba yana iya sauka Darussalam ya ziyarci gandun Mikumi ko na Nyerere, sannan ya hau jirgin ruwa mai gudu, cikin kimanin awa biyu ya isa Zanzibar.

Sai batun kaya, wanda yake ba mu wahala mu da muka saba jan manyan akwatuna. Ƙananan jiragen da ke sauka cikin daji galibi kilo 15 suke yarda da shi, kuma a jaka mai laushi. Dole rigar sanyi da kayan shan iska su yi zaman haƙuri a jaka guda. A guji sa baƙi da shuɗi a daji, domin launukan nan biyu suna janyo ƙudan tsando. Kada kuma a ƙunshe kaya a leda, tun watan Yunin 2019 Tanzaniya ta haramta ta.

Wane wata za a tafi?

Damina biyu ake yi a wannan yanki. Babbar tana farawa daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba. A Afrilu da Mayu ruwa yana iya wuni yana zuba, hanyoyin daji su caɓe, wasu otal-otal na bakin teku ma su rufe. Farashi yana faɗuwa a lokacin, amma arha ce mai dalili.

Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne. Ciyawa ta bushe, dabbobi sun taru a mashaya, ganinsu ba wuya. A wannan tsakani ne kuma garken nan mai ban mamaki na dabbar da Swahilawa ke kira nyumbu, fiye da miliyan guda, tare da jakunan dawa da bareyi, yake kaiwa arewacin Serengeti yana tsallake kogin Mara, kadoji na jiransu. A tsibiri ma lokacin ba zafi sosai. Sai dai iskar Kusi da ke kaɗowa daga kudu tana tayar da igiyar ruwa, kuma Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso da tsada. Janairu da Fabrairu su ma zaɓi ne mai kyau. Garken yana kudancin Serengeti yana haihuwa, a tsibiri kuma akwai zafi, amma ruwa garau yake.

Ba kowace gaɓa ce ake wanka ba

A nan ne hoton waya ya fi yaudarar mutane. Babban tsibirin, Unguja, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, kuma tekun gabashinsa da na arewacinsa halinsu ba ɗaya ba. Sau biyu a rana ruwa yana cika ya janye. A ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani da Matemwe, idan ya janye yakan ja baya ɗaruruwan mitoci. Baƙo ya kwanta yana jin ruwa na dukan katangar masauki, ya fito da hantsi ya tarar da farin yashi shimfiɗe iya ganinsa, kwale-kwale sun kifa gefe a ƙasa. Can nesa ga mata sun tsuguna cikin ruwa iya ƙauri, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyin da suka kafa da turaku, domin nomanta ita ce sana'arsu. Abin kallo ne, amma mai son iyo sai ya jira sa'o'i. Mai son takawa kuma ya sa takalmin roba, saboda wata halitta mai ƙayoyi da ke maƙale a duwatsu.

A can arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangara, ruwa ba ya nisa, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Ladan wannan kuwa shi ne taron jama'a da kiɗa har tsakar dare, musamman idan wata ya cika. Magidancin da ya zo da iyali ya tambaya da kyau kafin ya kama ɗaki: akwai mashaya kusa? Akwai keɓaɓɓen wurin wanka? Mai tambaya ba ya ɓata.

Lokacin cika da janyewa yana gusawa da kusan minti 50 kowace rana, kuma ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci zai iya hasashen abin da zai tarar tun kafin ya taso. Wanda kuma yake son shiru na gaske, akwai tsibirin Pemba mai tuddai da gonakin kanumfari, da tsibirin Mafia da ke kudu.

A ba garin haƙƙinsa

Kuskure ne mutum ya wuce daga filin jirgi zuwa bakin teku bai kwana ko ɗaya a tsohon birnin ba, wato Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Nan ne Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa wajen 1840, garin ya zama cibiyar cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina coci a wurin, kuma har yau ana nuna wa baƙi tarihin. A 1964 ne Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. A kudancin tsibirin, a Kizimkazi, akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun Larabci na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107.

Lungunan birnin sun yi wa mota kaɗan, sai ƙafa da babur. Ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla suna jere dama da hagu. Da an yi sallar magariba sai a nufi lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda masu gashi ke kunna fitilu su jera kifi da jatan lande a teburi, ga mai matse rake yana haɗa shi da citta da lemun tsami. A tambayi farashi kafin a miƙa hannu, a kuma sa a gasa a gaban ido. Da rana ana iya zuwa gonakin kayan ƙamshi a ga kanumfari da kirfa a jikin bishiya, ko dajin Jozani a ga jan birin da babu irinsa sai a Zanzibar.

Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne, kuma suturarmu ta gida ta dace da garin sarai. Kayan wanka na bakin ruwa ne kawai. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa.

Takardu da lafiya

Wannan shi ne abin da za a fara da shi, ko da yake mutane a ƙarshe suke tunawa da shi. Masu fasfo na Nijeriya da Nijar da Chadi ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai sun nema tun daga gida, kuma amsar tana iya ɗaukar makonni. Saboda haka kada a biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Dole ne kuma a riƙe katin rigakafin shawara, domin ana tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta tafiya, wadda aka fara sayarwa a kan dala 44 ga babba, ko da mutum yana da wata. Ka'idoji irin waɗannan suna canzawa, don haka a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a yanki tikiti.

Sauro yana nan a daji da tsibiri, a tafi da maganin shafawa, a kwana cikin gidan sauro. Abu na ƙarshe, yawancinmu mun tashi nesa da teku, ba mu iya iyo ba, kuma babu abin kunya a cikin faɗin haka. Duk wanda zai hau kwale-kwale zuwa kallon kifaye a kewayen Mnemba, ko manyan kunkuru a tsibirin Changuu, ya sa rigar kariya kafin a tashi. Idan matuƙi ya ce ba shi da ita, a sauka a nemi wani. Wanda ya yi nutso mai zurfi da tulun iska kuma ya bari kwana guda ya wuce kafin ya hau jirgin sama.

Tafiya ce mai cin kuɗi, ba kuma kullum ake yin ta ba. Don haka, mai karatu, fara da biza da katin rigakafi, ka zaɓi wata, ka zaɓi gaɓar da ta dace da kai da iyalinka, sannan ka duba hoton otal. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.