Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo: Zaɓen Dodon Ƙarfe A Wasan Pokémon

A zangon karatu da ya wuce, wani ɗan'uwanmu ɗan aji biyar daga Goronyo ya shiga 'yar gasar Pokémon da muke yi ta waya ranar Asabar, ya jero dodannin ƙarfe har uku cikin rundunarsa: Steelix da Aggron da Heatran. Ya ce ya gina ganuwa, babu mai ketawa. Abokin karawarsa ya fito da Garchomp, ya yi ta maimaita dabara ɗaya tak, wato girgizar ƙasa, har ukun nan suka zube. Tun ran nan muke gardama a ɗakin kwana kan wane ne gwanin dodannin ƙarfe, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka gano.

Saboda iyayenmu da malamanmu da ba su san wasan ba, bari mu fara da bayani. An ƙago shi a ƙasar Japan a 1996. Dodannin nan zane ne kawai, kowanne da lambobin ƙarfinsa, kuma rabin wasan lissafi ne. Kowane ɗan wasa yana zaɓen guda 6, kowanne da dabarun faɗa 4, ana bugawa bi da bi kamar dara. A kowane zagaye ko ka kai hari, ko ka janye wanda ke fage ka sako wani, shi kuwa sabon shiga shi zai sha bugun da aka kawo. Dodannin sun kasu jinsi 18, kamar Wuta da Ruwa da Ciyawa, kuma da yawansu suna haɗa jinsi biyu.

Jinsin Ƙarfe ya shigo ne a 1999, cikin Pokémon Gold da Silver. Abin da ya sa kowa ke sonsa shi ne juriya: hare-haren jinsi 10 rabin ɓarna kawai suke yi masa, Dafi kuwa ba ya kama shi sam. Amma yana da magabta uku da ke ninka masa ɓarna sau 2: Wuta da Dambe da Ƙasa. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a kasuwar Wurno ba zai manta su ba. Wuta ke tausasa ƙarfe, guduma ta lanƙwasa shi, ƙasar gona kuma ita ke cinye bakin fartanya.

To, a nan ne ɗan'uwanmu ya yi kuskure. Ya duba lambar tsaro kaɗai, ya ga Steelix yana da 200, Aggron 180, ya ce shi ke nan. Bai lura cewa Aggron ƙarfe ne kuma dutse ba, kuma dukansu biyu Ƙasa na cinsu, saboda haka ɓarnar ta ninku sau 4. Heatran ma haka, domin ƙarfe ne da wuta. Jinsi na biyu shi ne abin dubawa tun kafin lambobi.

Mu ɗauki Skarmory, tsuntsun ƙarfe. Tsaronsa 140 ne, bai kai na Steelix ba, amma da yake mai fiffike ne girgizar ƙasa ba ta taɓa shi ko kaɗan, Dambe ma ɓarnar yau da kullum yake yi masa. Wuta da Lantarki ne kawai abin tsoronsa. Aikinsa shi ne ya watsa ƙayoyi a fagen abokin gaba, kamar mai shingen gona da ƙayar magarya. Shimfiɗa ɗaya tana cin kashi 1 cikin 8 na ran duk mai tafiya a ƙasa da ya shigo, shimfiɗa uku kuwa kashi 1 cikin 4. Sannan ya kori wanda ke gabansa da guguwa, a dole wani ya shigo ya taka. Wasan Skarmory na masu haƙuri ne, mai gaggawa zai ƙosa da shi. Corviknight da ya fito a 2019 jinsinsu ɗaya, kuma ya karɓe masa aiki a runduna da yawa.

Heatran da muka kushe ɗazu ba abin yarwa ba ne, an dai sa shi cikin abokan da ba su dace ba. Ya fito a 2006, kuma yana da baiwar da sauran ke nema: idan aka jefe shi da wuta, shanye ta yake yi, tasa wutar ta ƙara ƙarfi. Ka haɗa shi da Skarmory ka ga aiki. In ka hango girgizar ƙasa, sai ka sako tsuntsu. In ka hango wuta, sai ka sako Heatran. Wannan haɗin ƙarfe biyu ne da muka yarda da shi, da sharaɗin a samo musu na uku mai tare Ruwa.

Scizor kuwa maharbi ne. Rauninsa ɗaya ne a duniya, Wuta, amma sau 4 take cinsa. Ƙarfin harinsa 130 ne, kuma yana da wani naushi da ke riga yawancin hare-hare sauka ko da abokin gaba ya fi shi gudu. Naushin 40 ne, baiwarsa ta mai da shi 60. Kamar ɗan damben da ke shammatar mutum ne kafin ya gyara tsayuwa, ya fi amfani a ƙarshen wasa, sa'ad da kowa ya jigata.

Akwai Ferrothorn na 2010, ƙarfe da ciyawa, mai jiki kamar bushiya: duk wanda ya taɓa shi sai ya rasa kashi 1 cikin 8 na ransa. Gudunsa 20 ne kacal, kunkuru ke nan. Ya fi dacewa da rundunar da ke kiran ruwan sama, domin ruwan yana rage ƙarfin Wuta da rabi. Sai dai ba a sa shi cikin Scarlet da Violet na 2022 ba, saboda haka a tambayi dokar gasa tukuna. Wasan na 2022 shi ya kawo Gholdengo, dodo na 1000 a jerin, ƙarfe kuma fatalwa, wanda Dambe ba ya samunsa. A yi hattara kuma da Magnezone, domin maganaɗisunsa yana hana dodon ƙarfe janyewa, Skarmory kuwa in ya faɗa hannunsa sai dai wani.

Yadda muke yi yanzu shi ne, mu rubuta sauran biyar a takarda, kowanne da abin da ke cinsa, sannan mu nemo ƙarfen da zai toshe kafar da ta fi girma. Manomin shinkafa a fadamar Rabah ba ya fita da gatari uku, fartanya da lauje ma suna da ranarsu. In biyar ɗinka suna tsoron Ƙasa, ɗauki Skarmory. In Wuta ce, Heatran. In duk masu tsaro ne babu mai kashewa, Scizor. Shi kuwa ɗan'uwanmu na Goronyo ya ajiye Steelix da Aggron, ya bar Heatran, ya kawo Skarmory, kuma ya nemi a sake haɗa shi da mai Garchomp a Asabar ta farko bayan hutu.