Akawun Bataliya da Takardar Magaji

Ran 24 ga Agusta 1990 sojojin ECOMOG suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, babban birnin Laberiya. Ƙasashe biyar ne suka haɗa rundunar: Nijeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya, a ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo na Gana. Kowace ƙasa ta zo da nata lambobin sojoji da nata tsarin albashi, 'yan Gini kuwa da Faransanci suke rubutu.

A rundunar haɗin gwiwa irin wannan, aikin akawu ba ƙarami ba ne. Kowace bataliya sai ta ajiye jerin sunayen mutanenta, kowace safiya kuma ta aika wa hedkwata lissafi: nawa ke bakin aiki, nawa ke asibiti, wa aka nema ba a gani ba. In soja ya mutu, rahoton yana da hanya biyu, ɗaya zuwa ga kwamandan rundunar, ɗaya zuwa gida, gama ƙasarsa ce ke biyan hakkinsa. In takarda ta maƙale a hanya, iyali ne ke shan wuya. Zancen kuɗi ma haka yake. A 2008 waɗansu sojoji da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun yi zanga-zanga a Akure kan alawus ɗinsu, aka kuma gurfanar da su gaban kotun soja.

'Yan'uwa, abin da ya fi shafarmu a Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha, inda iyalan sojoji suke da yawa, shi ne takardar magaji. Saurayi yakan cika ta ran da ya shiga soja, ya sa sunan mahaifinsa ko wansa. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, sunan yana nan yadda yake. Ran da abu ya faru, ofis ba ya duba hawaye, sunan da ke cikin fayil yake bi, gwauruwa kuwa ta koma roƙon dangin miji.

Duk sojan da ya yi aure, ya je ofishin bataliyarsa ya sabunta takardar tun kafin a tura shi wani wuri. Matar kuma ta riƙe lambar mijinta da sunan bataliyarsa, ta adana takardar aure da na haihuwar yara. In ta aure ta ɓace, a zo a duba rajistar ikkilisiya.